Tayar da Ban Sa Hannu a Cikinta Ba

Assalamu alaikum, Edita. Yawancin labaran da masu karatu ke aiko muku na soyayya ne ko na zaman aure. Nawa na sana'a ne da zumunci, kuma ba zan kama sunan kowa ba, har nawa.

A tsakiyar shekarun 2010, lokacin da wayar shafa ta shiga hannun kowa, ni dillalin tayoyi ne na hannu a Riyad. Ban gaji sana'ar ba, kuma ba wanda ya ba ni jari. Da leburanci na shigo ƙasar, na ɗauki bulo har kafaɗata ta yi kanta, daga baya na samu shiga banshar, wato shagon gyaran taya, na koyi aiki da ido da hannu. Da na tsaya da ƙafata sai muka yi yarjejeniya da kafilina, wato ɗan ƙasar da ya tsaya mini kan takardun zama, aka buɗe ɗan shago da sunansa a kudancin gari, kusa da Birnin Masana'antu na Biyu. Ina zuwa wuraren da ake wargaza motocin da suka yi haɗari in sayo tayoyi, in tace su, in tura mafi yawa gida Najeriya, masu kyan kuma in sayar wa direbobinmu da ke nan. Ni mutum ne mai lissafi. Ba na shan taba, ba na yawon banza, ba na sayen abin da ba zan iya sayarwa ba. Ina faɗin wannan ne don mai karatu ya san cewa abin da ya same ni bai samu sakarai ba.

Taya ta hannu tana da dokarta. Daga waje kowa zai iya ganin ko zanenta ya cinye, amma ba a nan take ɓoye cutarta ba. Sai ka kwantar da ita, ka zura hannu ciki, ka bi da yatsunka zagaye ɗaya cikakke, kana jin ko akwai faci, ko zaren ƙarfe ya tsinke, ko wani wuri ya kumbura. Sannan ka danne gefenta da gwiwa ka ga ko za ta nuna tsaga, domin ranar Riyad tana busar da roba ta bar ta da kyan fuska. Faci a tsakiya ana iya zama da shi. Faci a gefe kuwa, a kan titi mai zafi da kaya a baya, jiran lokaci kawai yake yi. Wannan zura hannun shi ne duk abin da na fi sauran dillalai da shi, kuma da shi na yi suna. Har ta kai direbobi na cewa idan taya ta fito daga hannuna ba sai an duba ba. Ina jin daɗin wannan magana fiye da yadda nake jin daɗin riba.

A cikin direbobin akwai wanda nake kira Yaya. Ba uwa ɗaya muke ba, garinmu ma ba ɗaya ba ne, amma shi ya tsince ni a masallaci a unguwar Bat'ha lokacin da na rabu da aikin gini ba ni da wurin kwana. Ya kai ni ɗakinsa a unguwar Al-Oud, ya raba katifarsa biyu, kuma shi ya riƙe hannuna ya kai ni banshar ɗin da na koyi aiki. Dayna yake tuƙawa, ƙaramar motar ɗaukar kaya, da sunan kafilinsa, amma gyara da taya duk a kansa suke. Yana kwasar kaya daga masana'antu ya kai garuruwan da ke nesa da Riyad. Mutum ne mai barkwanci, ba ya shigowa shagona sai ya tsokane ni. Yakan ce ga Alhajin taya, mai shafa cikin roba kamar ungozoma, ya tambaye ni ko yau mace aka haifa ko namiji. Duk Juma'a bayan masallaci a ɗakinsa muke cin tuwo da miyar kukar da matarsa ke aiko masa daga gida. Kuma tun da na buɗe shago bai taɓa duba tayar da na ba shi ba. Na taɓa ce masa ya riƙa dubawa ko don ya koya, ya ce shi da ya raini likita a gida me zai yi da karatun likita.

Wasan ya shigo ne ta hannun maƙwabcina, wani ɗan Filifin mai gyaran lantarkin mota. Tsakanin azahar da la'asar kasuwa takan mutu, zafi ya kori kowa, sai mu zauna a shagonsa saboda na'urar sanyinsa ta fi tawa. Kullum yana duƙe a kan waya. Da na tambaye shi sai ya nuna mini: wasan karta ne da ake kira foka, amma kai da na'ura kuke yi. Za ta raba maka kati biyar, ka zaɓi waɗanda za ka riƙe, ka zubar da saura, ta cike maka gurbinsu. Idan abin da ya haɗu a hannunka ya yi tsari, kamar sarki biyu, ko kati biyar masu alama ɗaya, sai ta ba ka maki. Abin da na fara tambaya shi ne kuɗi. Ya yi dariya ya ce sadik, wato aboki, babu ko riyal ɗaya, kuɗin wasa ne na bogi, idan sun ƙare gobe da safe za a sake zuba maka kyauta. Nan hankalina ya kwanta. Na ce wa kaina tunda ba a sa kuɗi ba a cin kuɗi, ai ba caca ba ce, kashe lokaci ne.

Maƙwabcin nan ya koya mini wasan yadda ya kamata, ba zan ɗora masa laifi ba. Ya ce kowane rabo yana da zaɓi ɗaya da ya fi sauran daidai, kuma aikin mai wasa shi ne ya nemo shi. Kada ka ga kati biyu masu lamba ɗaya ka yi wuf ka riƙe, duba sauran ukun tukuna, wataƙila kati ɗaya ya rage maka ka haɗa abin da ya fi su. Shi kansa a hankali yake wasa, yana motsa leɓe kamar mai ƙirga canji. Da farko haka na bi, kuma wasan ya shiga raina ne saboda ya yi kama da aikina: a ajiye maka kaya a gabanka, ka tace, ka riƙe mai kyau, ka jefar da maras kyau. Ban daɗe ba na fi malamina iyawa.

Sai na gano cewa manhajar tana da jerin gwanaye na mako. Kowane rabo da ka buga yana ƙara maka matsayi, ko ka ci ko ba ka ci ba, kuma akwai wani maɓalli da idan ka kunna shi katunan ba sa ɓata lokacin juyawa, faɗowa kawai suke yi. A nan ɗan kasuwar da ke cikina ya tashi. Na yi lissafin da na saba yi a shago: riba kaɗan da saurin juya kaya ta fi riba mai yawa da kaya a kwance. Idan na ninka yawan rabon da nake bugawa, ko da ina kuskure jefi-jefi, yawan zai haɗiye kuskuren. Na kunna maɓallin. Na koya wa babban yatsana ya yanke hukunci kafin idona ya gama karanta katunan.

Kuskuren kuwa ya zo. Sai in zubar da kati biyu masu lamba ɗaya ban gan su ba, sai suna ɓacewa idona ya kama su. A makonnin farko duk lokacin da haka ta faru sai in ji wani abu ya soke ni a ƙirji, irin wanda nake ji idan na sayi taya na dawo na tarar da ita fasasshiya. Amma kafin zafin ya zauna, sabbin kati biyar sun riga sun faɗo. Ba wanda ya dawo da kaya, ba wanda ya yi mini ƙorafi, gobe kuma an cika mini aljihun bogi. A hankali sukar nan ta daina zuwa. Maƙwabcina yana leƙa wayata yana girgiza kai, ya ce sadik wannan ba wasa kake ba, ganga kake kaɗawa, a cikin ɗan zaman nan ya ga na zubar da hannu mai kyau har ya gaji da ƙirgawa. Na ce masa ya duba jerin gwanaye ya gaya mini sunan wa ke sama, nawa ko nasa. Ya ce shi dai bai san gwanin da ba ya kallon katinsa ba.

Yanzu da nake waiwaye ina ganin yadda abin ya fito daga waya ya shiga sauran rayuwata, amma a lokacin ban gani ba. Saƙon matata daga gida sai in karanta layin farko in amsa. Sallata ta yi gajarta. Idan ana tace tayoyin da za a tura Najeriya, maimakon in durƙusa sai in tsaya a kansu, in kalla, in tura da ƙafa, wannan dama wannan hagu. Mai karɓar kayana a Kano ya kira ya ce marasa kyau sun fara yawa a cikin lodi. Na ba shi haƙuri, na rage masa wani abu, na kuma yi lissafi na ga lokacin da na tsira da shi ya fi abin da na rage. Lissafin wasan ne sak, kuma a takarda daidai yake.

Yaya ya yi mini magana sau ɗaya, a kan tuwon Juma'a, da ya ga ina ci da dama ina latsa waya da hagu. Ya ce Alhajin taya an koma karta ke nan da tsufa. Na ce Yaya ba kuɗi a ciki. Ya ce ai shi abin da ya fi ba shi tsoro ke nan, domin mai caca da kuɗi idan aljihunsa ya ƙare dole ya tashi, ni kuwa me zai tashe ni. Muka yi dariya, ya ƙara mini miya, maganar ta wuce.

Ranar da abin ya faru tsakiyar bazara ce, irin zafin da kwalta ke laushi. Ranar ce kuma ta ƙarshe a makon wasan, ina kusa da saman jeri, wani da ban san ko a wace ƙasa yake ba yana bina a baya. Akwai direbobi biyu a shagon suna jiran a kawo musu kaya. Sai ga Yaya ya shigo da sallamarsa da tsokanarsa, ya ce tayarsa ta gaba ta dama ta gaji, ga shi gobe yana da lodi mai nauyi zuwa wani gari a yamma, tafiya mai nisa. Na miƙe da waya a hannu. Na san inda girman tayarsa yake. Na gangaro da 'yan tayoyi daga sabon kayan da ban riga na tace ba, na jera su, na kalle su kallo ɗaya, na ga wadda zanenta ya fi zurfi, na tura masa ita da ƙafa. Ya ce wannan ce? Na ce ita ce, Yaya, ban ɗago kai ba. Na ji ya ɗan tsaya. Sannan ya ce Allah ya yi albarka, ya gangara da ita zuwa banshar ɗin da ke kusa da mu. Mai ɗaura tayar ma bai duba cikinta ba, daga baya ya gaya mini da bakinsa. Ya ce da ya ji daga shagona ta fito sai ya ɗaura kawai.

Washegari da rana aka kira ni. Tayar gaba ta fashe a kan babban titi, motar ta kauce ta kife, kayan suka biyo ta. An ciro shi da rai, aka kawo shi babban asibitin da ke Shumaisi. Da na isa yana ɗakin tiyata. 'Yan'uwanmu sun cika baranda, kowa na cewa zafin bana ne, tayoyi sai fashewa suke yi, ƙaddara ba ta da magani. Ni ma na ce haka. Amma ni mai taya ne, kuma tun a baranda na san wace taya ce. Kwana kaɗan bayan haka na nemi inda aka ja motar, na je ni kaɗai. Tayar tana nan a jikin ƙarfenta, ta yage kamar tsumma. Na durƙusa na zura hannu, abin da ya kamata in yi a shago. Ban kai rabin zagaye ba yatsuna suka same shi: tsohon faci a gefe, faɗinsa ya kai tafin hannuna, zaren ƙarfen da ke ƙarƙashinsa duk a tsinke. Ba ɓoyayyen aibi ba ne. Wanda ya yi wata ɗaya a banshar zai ji shi. Na zauna a ƙasa a cikin ranar nan, hannuna a cikin tayar.

Wani likita ɗan ƙasarmu da ke aiki a can shi ya yi mana bayani da Hausa, ya ce ƙashin baya ya taɓu, rai ya tsira amma ƙafafu sai wani ikon Allah. Daga ranar na rufe rabin harkata na koma asibiti. Ni ke kawo abinci, ni ke juya shi, ni ke goge masa jiki. Na goge wasan daga wayata tun a wurin motar, amma babban yatsana ya daɗe yana motsi shi kaɗai a kan cinyata idan na zauna. Mutane suna zuwa dubiya suna yaba mini, suna cewa ko ɗan'uwa na jini sai haka, Allah ya ba kowa ƙani irina. Matarsa ta kira daga gida tana kuka tana sa mini albarka. Ban taɓa sanin yabo na iya ƙona mutum ba sai a lokacin. Ba wanda ya sani, ba kuma wanda zai taɓa sani, domin takardar 'yan sanda ta ce fashewar taya ce saboda zafi, kuma gaskiya ne, rabin gaskiya.

Na yi ta lissafi, kamar yadda na saba. Idan na yi shiru, zan riƙe Yaya, in riƙe sunana, in yi masa hidima har ƙarshen raina, kuma faɗar ba za ta tayar da ƙafafunsa ba. Idan na faɗa, zan iya rasa mutumin da ya fi kowa a wurina a ƙasar nan. Lissafi ya ce in yi shiru. Amma kullum idan na ɗago shi zan ba shi ruwa, sai ya jingina kansa a kafaɗata da nauyinsa duka, kamar yadda yake karɓar taya daga hannuna, ba tambaya. Wannan ne na kasa ɗauka.

Wata rana bayan la'asar, masu dubiya sun watse, na ja kujera kusa da gadonsa na gaya masa komai. Ban rage ba. Na ce tayar daga kayan da ban tace ba ta fito, ban sa hannu a cikinta ba, wasa nake yi, kuma na je na ga facin da idona. Na zaci zai yi ihu, ko ya kore ni, har na shirya wa hakan. Ya ɗaga ido ya kalli silin. Sannan ya ce, da muryar da ba ta tashi ba, ai ya sani. Ya ce a ranar ya ga ban durƙusa ba, ya ga ban zura hannu ba, kuma zuciyarsa ta ce masa ya ce in sake dubawa. Amma ga direbobi biyu a tsaye, kuma shi ne ya kawo ni sana'ar, shi ne kullum yake cika baki da ni a gaban mutane. Ya ce ta yaya zai buɗe baki a gaban baƙi ya ce Alhajin taya ya sake duba taya. Sai ya ce wa kansa wataƙila na riga na tace su tun da safe. Ya ce a banshar ya yi niyyar ya zura nasa hannun, sai ya tuna bai san abin da ake nema a ciki ba, domin bai taɓa buƙatar sani ba.

Na fashe da kuka kamar yaro. Ya bar ni na yi. Ya ce abin da Allah ya rubuta ba ya kuskure, ya yafe mini duniya da lahira, kuma kada in gaya wa matarsa ko wani, domin ba abin da zai ƙara sai ɓacin rai. Sai kuma ya yi mini tambayar da har yau take tashina zaune. Ya ce to wasan, na ci a ranar? Na ce na ci, na zo na ɗaya. Ya ce me suka ba ni. Na ce hoton kofi ne yake fitowa kusa da sunan mutum, na mako ɗaya. Ya ce hoton kofi. Ya ce in taimaka in juya shi ya fuskanci bango, yana so ya huta.

Na ci gaba da zuwa, ya ci gaba da karɓata. Bai canza mini fuska ba, bai gaya wa kowa ba, a gaban mutane yana gode mini. Har na fara tunanin wataƙila mun tsallake. Da likitoci suka gama abin da za su iya, kafilinsa ya yi masa takardar fita ta ƙarshe, aka sa ranar komawa gida. Na shiga gari na nemo keken marasa lafiya, sabo fil, mafi kyan da na samu. Na duba shi a shagon kamar raina ne zai hau, kowane ƙusa, kowace taya. Na kawo asibiti da murnata, akwai wani direba abokinsa a wurin. Yaya ya yi godiya, ya sa albarka. Sai ya ce a matso masa da keken jikin gado. Ya miƙo hannu ya fara bin tayar da yatsunsa, a hankali, zagaye ɗaya cikakke. Ya ce a juyo ɗaya gefen, ya bi ita ma. Ya girgiza mariƙin. Sannan ya ce wa direban nan ya zauna a kai ya gwada birkin ya gani. Ba da gayya ya yi ba, na san Yaya, ko kallona bai yi ba. Jikinsa ne kawai ya daina yarda da abin da ya fito daga hannuna. Ina tsaye a bakin gado ina kallo, a nan na san abin da na rasa, kuma na san yafiya ba ta dawo da shi.

Na raka shi filin jirgi, na tura keken har inda aka tsayar da masu rakiya. Ya riƙe hannuna ya ce in riƙe sana'ata da kyau, in gaida iyali. Yana nan da rai a garinsu, ya buɗe ɗan teburin sayar da kaya a ƙofar gida. Ina kiransa, ina aika abin da ya sauwaƙa, yana karɓa da godiya mai tsawo, irin wadda ake yi wa baƙon kirki. Yana tambayata kasuwa, yana yi mini addu'a. Amma tun daga asibitin nan bai sake tsokanata ba ko sau ɗaya, kuma idan na ajiye waya sai in ji da ma zagina ya yi.

Abin da na koya ba shi ne karta haramun ce ko halal ba, wannan na bar wa malamai. Ni dai ban yi asarar ko riyal ɗaya a wasan nan ba, kuma da na yi asarar shagona gaba ɗaya da ya fi mini sauƙi. Abin da ya cinye mini shi ne sukar nan da mutum ke ji a ƙirji idan ya yi kuskure. Na yi kuskure sau dubbai a wurin da kuskure ba ya ciwo, har jikina ya yarda cewa haka kuskure yake a ko'ina, cewa kullum akwai wani rabon yana zuwa. Lissafina na cewa yawa zai haɗiye kuskure daidai ne a kan katuna, har a kan lodin tayoyi ma yana iya zama daidai. Amma Yaya ba shi da yawa. Taya ɗaya ya zo nema, baya ɗaya gare shi.

Don haka ina kira ga 'yan'uwana masu aikin hannu, makanikai da masu lantarki da masu sayar da magani da direbobi, musamman mu da ke zaune a ƙasar waje muna da dogayen sa'o'in da ba mu san yadda za mu yi da su ba. Kada ku tambayi wasa nawa yake ci muku kawai, ku tambaye shi me yake koya wa hannunku. Idan kun ga kun fara yanke hukunci kafin ku gama kallo, ku ajiye shi tun a ranar. Ku kuma da kuke karɓar aiki daga hannun na gida, idan zuciyarku ta tsaya, ku yi magana ko a gaban wa, kunyar minti ɗaya ce, mai sana'ar kirki zai gode muku daga baya. Mai sana'a kuma ya sani, duk wanda ya karɓi abu daga hannunka bai duba ba, bai yafe dubawar ba ne, ɗora maka ita ya yi a kan taka. Yaya ya ɗora mini tasa shekara da shekaru, ni kuma na tura masa da ƙafa. Ina roƙon masu karatu su sa shi a addu'a, Allah ya ba shi sauƙin zama. Ni kuma ku roƙa mini Allah ya karɓi yafiyar da ya yi mini.